Turaren da Na Shafa wa Alhaji a Kan Dutse

Na so in bar wannan labarin a cikina. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don duk labaran tafiye-tafiyena da nake ba mutane, ni ne mai wayo a ciki, wani ne wawan. Wannan kuwa ba haka ya zo ba.

Mu uku ne. Akwai abokina malamin jami'a da ke zaune a Yelwa, muna ce masa Dakta. Shi ya jiyo labarin wani kufai a kan dutse, can gaba da Tirwun, inda mutanen dauri suka kafa gari a sama don gudun mahara. Sai Alhaji, mai shagon yadi a kasuwar Muda Lawal, abokina tun muna firamare. Mutum ne mai jiki, mai sanyin hali, wanda in ya hau bene ɗaya sai ya zauna ya huta. Ni na matsa masa ya biyo mu.

A gindin dutsen muka tarar da wani dattijo manomi, wanda kakanninsa a sama aka haife su. Shi zai yi mana jagora. Muna gaisawa ya ɗan ja hanci.

"Ku daga birni kuke," in ji shi. "Tun kafin ku buɗe ƙofar mota na jiyo ku."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce ƙudan zuma sun cika tsofaffin randunan da ke sama da ramukan duwatsun, kuma abu biyu ne ba sa so, ƙamshi da hayaniya. Ko su mutanen wurin, ba sa hawa ranar da suka yi wanka da sabulu mai ƙamshi. Ya sa muka tuɓe manyan riguna da huluna muka bar su a mota, ya kai mu bakin rijiya muka dirje wuya da hannuwa da ƙasa.

Alhaji ya dube ni. "Ni fa a mota zan jira ku. Ɗaya tak ya taɓa harbina a shago, maƙogwarona ya toshe, da kyar aka kai ni asibiti."

"Haba Alhaji," na ce, "kai da ka shiga turmutsutsun jifan Shaiɗan ka fito da takalmanka biyu? Me zuma za ta ci a jikinka, ga Dakta mai zaƙin baki?"

Ya yi murmushi ya biyo mu. Shi dama bai iya ce mini a'a ba.

Na ga wurare a rayuwata, daga Agadas har Sudan, amma ban taɓa shiga inda ya yi shiru irin wannan ba. Ganuwar duwatsu ce aka jera ba laka, an bar ƙofa wadda mutum ɗaya ne zai wuce, shi ma a karkace. A ciki ga da'irar ɗakuna, ga gindin rumbuna, ga duwatsun niƙa da hannun mata ya lotsa. Tsingaro ko'ina. Ƙarƙashin shirun kuma akwai wata ƙara, kamar injin niƙa a wata unguwa mai nisa. Dattijon ya nuna mana wani rami da haɓa, ya ɗora yatsa a baki.

Azahar ta yi muna sama. Dakta da dattijon suka zagaya ɗaya gefen ganuwar, ni da Alhaji muka samu wani falalen dutse, muka yi alwala da ruwan gora.

To, nan ne. Shekara talatin ke nan, in na gama alwala sai hannuna ya shiga aljihu ya ɗauko 'yar kwalbar turare, in shafa, in miƙa wa wanda ke kusa da ni. Ko baƙo ne a masallacin tasha haka nake yi. Kwalbar ba a babbar riga take ba, tana aljihun 'yar ciki. Wallahi ban san na buɗe ba. Na shafa a gemu, na kamo hannun Alhaji na goga masa a wuyan hannu da bakin rigarsa. Shi ma ya ce "Allah amfana," ya murza tafukansa ya shafa a fuska.

Na ta da kabbara, yana damana.

A raka'a ta biyu ƙarar ta canza. Da can daga nesa take, yanzu a bayan kunnena. Sai a lokacin na ji ƙamshin da ke tashi daga gemuna. Fatiha ta kuɓuce mini. Muna kai goshi ƙasa na ji muryar dattijon, ƙasa-ƙasa amma da kaifi.

"Ku tsaya a haka. Kada wanda ya ɗago. Kada ku kore su."

Ban san tsawon sujadar nan ba. Ina jin su suna yawo a ƙeyata, a cikin gemuna, a bayan kunne. Na karkata ido. Hannun Alhaji na kan dutse dab da fuskata, wuyan hannun ya yi baƙi da su, daidai inda na goga. Ina jin numfashinsa, ina jin yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya a hankali. Sun harbe ni sau huɗu ko biyar, ban ko damu ba. Hannun nan kawai nake kallo.

Sai hayaƙi ya rufe mu. Dattijon ne ya kunna busasshiyar ciyawa ya danne ta da ɗanyen ganye, yana zagaya mu. A hankali ƙarar ta yi sama.

"Guda nawa?" ya tambayi Alhaji.

Alhaji ya ɗaga yatsa biyu. Magana ta riga ta fara yi masa wuya.

Saukowar ban cika son tuna ta ba. A ƙofar ganuwar nan sai da muka tura shi a karkace, fatar kafaɗarsa ta sale. Ni da Dakta muka saɓa hannuwansa a wuya, dattijon na gaba yana nuna inda za mu taka. Leɓunansa sun kumbura, numfashinsa na fita da ƙara kamar usur. Ina ta yi masa surutu, ina cewa in ya mutu a nan wa zai dinga cutata a kuɗin shadda. Bai yi dariya ba. Ya dai matse mini kafaɗa.

Allah Ya sa mun isa asibiti da sauran numfashi. Aka yi masa allurai, kafin la'asar sakaliya likita ya fito ya ce ya tsallake, amma da mun ƙara jinkiri kaɗan da wani zancen ake yi. Da na shiga, Alhaji ya dube ni ta kumburarrun idanu ya girgiza kai kaɗan, na gane nufinsa: kada in faɗa wa kowa zancen turaren.

Ina fitowa na tarar da uwargidansa a baranda, riƙe da rigar da aka cire masa. Ita ke turara masa kaya tun aurensu, ta san kowane ƙamshi da ke gidan. Muka gaisa, ta yi mini sannu da kumburin fuskata, ta yi godiya da muka sauko da shi. Na juya zan tafi sai ta kai bakin hannun rigar hancinta, ta ɗago ta dube ni.

"Malam, wannan ba turarenka ba ne?"