Farar da Ba a Fige ba

A shekarun nan, bayan girbin gero, bakin kasuwar Kebbe cike yake da mata masu suyar fara, babura kuma suna sauke buhuna daga ƙauyuka. A nan Dakta Khairat Malami ta tashi, a hannun gwaggonta Na'inna, wadda ta shekara talatin tana wannan sana'a.

Khairat ta yi digiri na uku a kan ƙwari, amma aikin da ta samu shi ne koyarwa a wata sakandare a Tambuwal. Burinta shi ne tallafin bincike na shekara biyu da wani gidan adana halittu na ƙasar waje yake bayarwa. Sharaɗinsa kada mai nema ya wuce shekara uku da kammalawa, kuma ya nuna samfuran da ya tara, kowanne da sunan wurin da aka kama shi.

A shekara ta biyu da kammala digirinta aiki ya hana ta zuwa gida, sai ta aika wa gwaggonta cewa a ajiye mata fara. Na'inna ta yi mata irin gatan da ake yi wa baƙo mai daraja: ta fige fukafukai da ƙafafu, ta gauraya ta ƙauyen Fakku da ta Dogon Daji, ta turara. Da waɗannan gaɓoɓin ake bambance jinsi, don haka Khairat ba ta da abin turawa a shekarar.

Da kaka ta zagayo, ta ɗauki hutu ta zauna gefen kaskon suya da kwalabe da takardu.

"Gwaggo, kada ki taɓa buhun nan sai na zaɓa."

"Karatun nan duka, ɗiyata, sai ga ki kina tsince-tsince kamar kaza. Mi mutanen ƙasar wajen nan za su yi da fiffike? Ci sukai?"

"Duba shi za su yi."

"To, Allah shi ba su lafiya."

Duk da tsokanar, Na'inna ce ta tilasta wa masu kamu raba buhuna gari-gari, ta kuma ƙi sayen gaurayayye. Cikin mako shida Khairat ta tara samfuri ɗari huɗu, ta tura takardunta ana saura kwana tara a rufe karɓa.

Amsa ba ta zo ba tukuna, kuma bana ce damarta ta ƙarshe. Samfuran ƙauyuka biyar suna nan a akwati, ba a tantance jinsinsu ba.