Malama Eulalie, Wadda Ba Ta Barin Yaro a Rabin Magana

Kullum da safe Malama Eulalie Pompey takan biyo gefen gonakin shinkafa a kan kekenta, lema ɗaure a baya, ta jingine shi a gindin mangwaron makarantar firamaren ƙauyenmu da ke gaɓar kogin Essequibo. Ita ke koya wa 'yan aji shida rubutun Turanci. Mu a gida guntun Turancinmu muke yi, kowa ya fahimci kowa. Jarrabawar shiga sakandare kuwa babu ruwanta da wannan. So take yaro ya rubuta labari, jimla na riƙe da jimla.

Malama ba a allo take fara darasin mahaɗai ba. Tsakar makaranta take fitar da yara, ta tsayar da uku su riƙe hannu. Na dama ya faɗi rabin magana, na hagu ya faɗi rabi, na tsakiya ya zaɓi kalmar da za ta haɗa su: "amma", ko "saboda", ko "kodayake". In ya zaɓi wadda ba ta dace ba, a saki hannu a sake. Ran nan wani ɗan tsokana, Kwesi, yana tsakiya ya haɗa: "Na ci gurasar roti, amma na ƙoshi."

Malama ta ce, "Amma? Ka ci ka ƙoshi, ina abin mamaki a nan?"

Ya ce, "Malama, ba ki taɓa ganin ƙanƙantar rotin kakata ba ne."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ya sake.

'Yata Devika tana wannan ajin. Tun farkon shekara ta daina kwafar aiki, makinta na ta zubewa, kullum ciwon kai. Na yi faɗa, na hana kallo, na ba ta maganin tsutsar ciki. Na zaunar da ita na tambaye ta ko wani yana taɓa ta a hanya. Sai ta ce, "Ba komai, Mama," ta ja bakinta. Duk uwa ta san inda zuciya ke zuwa in yarinya ta yi irin wannan shirun.

Anti Pansy mai sayar da soyayyar ayaba a bakin ƙofar makaranta ita ta ga abin da ya faru. An fita tara, Malama ta tsayar da Devika ita kaɗai a inuwa, ta kama hannunta.

"Ni ce rabin farko, ni ce ta tsakiya. Devika ba ta kwafar aikin allo, saboda..."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ƙarasa, 'yata. Kin san ba a barin magana a rataye. Ni dai ba inda za ni."

Aka buga ƙararrawa, yara suka koma aji, Malama ba ta saki ba. Can Devika ta ce, "Saboda ba na ganin abin da ke allon. Na ɗauka kowa haka yake gani, ni ce daƙiƙiya."

Da yamma Malama ta zo gidanmu da kanta ta ce, "Gobe ki kai ta asibitin ido, ba jibi ba." Yanzu Devika tana da tabarau.

Malama, ke ce kika tsaya a inda ni uwarta na gaji na juya. Ke ce mai jiran ƙarshen magana.

Hankalina dai bai kwanta ba. Ƙarshen zangon nan Malama za ta yi ritaya, jarrabawa kuwa sai bayan hutu, kuma watannin da yarinyar ta yi tana kallon hazo ba su dawowa. Da na faɗa wa Malama, sai ta ce, "Ritaya daga makaranta ce. Gidana a kan ginshiƙai yake, ƙarƙashinsa akwai benci. Turo ta ranar Asabar, ki haɗo da Kwesi, kafin ya kashe ni da amma."

Mun gode, Malama Eulalie. Allah ya ƙara miki lafiya, ya huta gajiyarki.

Ku kuma malaman da za ku gaje ta, da mu iyaye, in yaro ya ce "ba komai", kada mu ce to. Mu kama hannunsa mu jira. Ko Devika ta samu makarantar da take so ko ba ta samu ba, ranar jarrabawa za ta iya karanta tambayoyin da idonta.