Malam Ɗahiru da Wayar Ofis

Duk wanda ya yi aiki a ƙungiyarmu ta 'yan hatsi da dabbobi ya san Malam Ɗahiru, mai kula da sito a Kurfi, bai taɓa ɗaukar wayar ofis da takalmi a ƙafarsa ba. Sai ya tuɓe, ya gyara hula, sannan ya yi sallama. In an yi dariya ya ce, "Na san wanda zai saurara ne? In Alhaji ne fa?"

Lokacin an sa mana na'urar ajiye saƙon murya, ɗaya a Dutsin-Ma inda nake magatakarda, ɗaya a Kurfi, ɗaya a Tamawa. Minti guda take ba mutum. Shi kuwa sai ya gaida Alhaji shugaba, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi ƙafar Hajiya, yana kaiwa "dama abin da ya sa na kira" sai ƙit, ta yanke.

Na ce, "Haba Malam, ka fara da maganar geron mana!"

Ya ce, "Hamisu, gero ne ya girme ni ko Alhaji?"

Da wata injiniya, Malama Rabi, ta zo ta haɗa na'urorin uku, ta ce yanzu saƙon da aka bari a Kurfi zai faɗo akwatin mai shi a Dutsin-Ma. Malam bai yarda ba. Ya bar saƙo da hantsi, ya haye bayan motar masara don kada ya biya kuɗin mota, sai ga shi a ofishina fari fat da ƙura.

"Na zo in ga ko ya iso."

"Ya iso tun ɗazu, Malam."

"To, dole ya riga ni. Shi ba ya tsayawa gaisuwa a hanya."

Yanzu ga inda nawa laifin yake. Da aka haɗa, sai aka ce murya ɗaya za ta riƙa tarbar masu kira a duk ofisoshin. Wallahi na ɗauka tawa ce. Ni ne mai ɗan karatun boko, kwana uku ina gwaji a bayan gida har iyalina suka zaci aljanu. Alhaji ya saurare mu, ya ce, "A sa ta Ɗahiru. Bafulatani in ya kira ya ji ta, zai ga kamar gida ya shigo." Na ce madalla, amma a raina na ƙullaci Malam.

Ana nan, wata rana Malam Ɗahiru ya bar mini saƙo ya manta bai kife wayar ba. Sai ga muryarsa yana lallashin ragonsa: "Ci mana, Sarkin Gida. Dusar ce ba ta yi maka ba? Ni ma gayan tuwo na ci." Shaiɗan ya ja hannuna, na tura wa kowane akwati na ƙungiya, don a ga wanda aka fifita a kaina.

Kai jama'a! Maimakon ya kunyata, har daga Kuki aka riƙa aiko wa Sarkin Gida harawa. Makiyaya suka ce sai a hannunsa za su bar dabbobinsu. Abin da kuma ban sani ba, na'urar tana faɗin lambar wanda ya turo. Kowa ya ji tawa ce.

Washegari dai na ga saƙo daga Kurfi. Na san nasa ne. Kunya da baƙin ciki suka hana ni buɗewa, na goge shi ban saurara ba. Muka ci gaba da gaisawa shekara da shekaru, shi bai tayar ba, ni girman kai ya hana ni tambaya.

Ranar jana'izarsa, sahu har bakin titi. Ku gafarce ni, a nan ma sai da zuciya ta ce, "Kai za ka samu rabin wannan?" Bayan sadakar uku na nemi Malama Rabi, ko na'urar Kurfi ta ajiye wani abu. Ta ce, "Baba, wanda aka goge ya tafi."

Ban san ko faɗa ya yi mini a ciki ba, ko yafiya. Allah ka jiƙan Ɗahiru, ka haskaka kabarinsa. In yafe mini ya yi, ka karɓa, tunda ni na ƙi ji. In kuwa bai yi ba, ka sanyaya masa zuciya kafin mu haɗu.