Ranar da na yi wa mijina ƙunshin amarya

Shekarun baya ne, lokacin 'yata ta fari ba ta ko cika arba'in ba, na yi wani abu da ya kusa raba mijina da damar da ya daɗe yana jira. Yanzu ya zama abin dariya a gidanmu, shi ya sa zan iya ba ku labarin.

Mijina mahauci ne a mayankar Etoudi. Da asuba ya fita, azahar ya dawo. Amma tun yana yaro ƙwallo ce a ransa. Ya buga a unguwa, ya buga a ƙananan kulob, bai kai ko'ina ba, har shekaru suka fara ja. Sai wani abokinsa ya zo masa da labarin wata irin ƙwallo da ake yi a kan yashi a bakin teku, mutum biyar-biyar. Wai har ƙasashen Afirka suna da gasarsu, kowace ƙasa da 'yan wasanta, kuma za a yi gwajin ɗaukar na ƙasarmu a Kribi, can bakin teku.

To mu a Yaoundé ina muka ga teku? Jar ƙasa ce da tudu. Sai shi da abokansa suka samu wani fili can bayan Tsinga inda manyan motocin kamiyo ke juye yashin gini, suka roƙi mai wurin ya bar su suna motsa jiki da la'asar. Wata biyu suna yi. Ni ban taɓa leƙawa ba, ina fama da tsohon ciki, daga baya kuma jego. Mahaifiyata ce ma ta taso daga Ekoudou ta tare a wurinmu tana yi mini wanka.

Ni mutum ce mai lura da komai. Ban yi nisa a makaranta ba, amma ƙwayar shinkafa ta faɗi a ɗakina sai na gani. Na ga takalmin ƙwallonsa a rataye a ƙusa bayan ƙofa har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Na gani sarai. Sai kawai na yanke wa kaina cewa ai wasan yashi yana da nasa takalmin, wataƙila a can filin suke ajiyewa. Ban tambaya ba. Ku riƙe wannan.

Saura kwana biyar tafiya, ya shigo yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya zauna ya ɗaga ƙafa, na duba. Yashin gini ba shi da laushi, tsakuwa ce a ciki. Tafin ƙafafun duk sun saɓule, sun yi bororo, wasu sun fashe. Ya ce, "In haka ta zauna, ba inda za ni." A hankali ya faɗa, amma na san muryarsa.

Mahaifiyata tana bayan labule, don ita da surukinta ba sa haɗa ido. Ta kira ni ta ce, "Ki kwaɓa masa lalle da lemun tsami kaɗan, ki ƙunsa masa. Mahaifinki da yake koro shanu da ƙafa daga arewa, da shi nake gyara masa ƙafa. Yana busar da ciwo, yana sa fata ta yi tauri."

Lalle kuwa sana'ata ce. Rabin amaren layinmu a Briqueterie ni na yi musu ƙunshi. Na gaya masa, ya ce ko mene ne a sa. Washegari bayan ya ci abincin rana ya miƙe a tabarma, ya ɗora ƙafafu a kan kujerar tsuguno, kafin in gama kwaɓi barci ya kwashe shi.

Ni kuwa hankalina ba a kwance yake ba. Jaririya ta ƙi kama nono da kyau tun safe, ina ta taɓa goshinta. Ga tunanin teku, don an ce ruwan Kribi yana jan mutum. Ga ƙafar nan. Kuma ni in hankalina ya tashi, hannuna ba ya zama. Na ɗauko sikoc, salatif ɗin da nake yanka wa amare ado da shi, wai don kada lallen ya ɓata masa saman ƙafa. Na manna layi ɗaya. Sai na ga bai daidaita ba, na ƙara wani. Sai na yanka ɗan ganye. Sai 'yan ɗigo-ɗigo zuwa idon sawu. Na sa wa farata ma. A raina na ce, wa zai gani? Safa da takalmi za su rufe komai, in ya cire a masauki ya tuna da ni. Na ɗaure da leda, na koma kan jaririya.

Bai farka ba sai gab da magariba. Na kawo ruwa na wanke. Jama'a, ban taɓa yin ƙunshin da ya kama kamar wannan ba. Ja wur, adon ya fito tsaf, a kan ƙafar ƙato mai gashi.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ke. Mene ne wannan?"

Na ce, "Ai safa za ta rufe."

"Wace safa?"

"Ta cikin takalmi mana."

Ya nuna ƙusar bayan ƙofa. "Kin ga na taɓa shi wata biyun nan? Ba da takalmi ake yin wasan nan ba, baiwar Allah! Ƙafa tsirara ake shiga. Doka ce!"

Na ji wani sauti daga bayan labule, kamar an toshe baki da matashi. Mahaifiyata ce.

Ya sa lemun tsami, ya sa dutsen goge kaushi, ya sa sabulu. Ni na san lalle, na san aikin banza yake yi. Da ya ce in miƙo masa ruwan javel na wankin kaya, na ɓoye kwalbar a bayana na ce wallahi sai dai ya doke ni, don ciwon zai sake buɗewa. Bai taɓa dukana ba, bai kuma fara ran nan ba. Ya dai ce, "Shi ke nan, na fasa. In tsaya gaban koci da mutanen Douala da ƙafar amarya? Labari ya dawo Etoudi? Na bar cin kasuwa ke nan."

Kwana biyu yana zuwa aiki da safa cikin takalmin roba, ya dawo bai ce mini komai ba sai sallama. Mutum ya jira abu shekara da shekaru, ni na zo na ɓata da ɗan ganye da ɗigo-ɗigo.

Ana gobe tafiya, jakarsa tana nan ba a taɓa ba, sai mahaifiyata ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi masa magana kai tsaye, daga bayan labulen dai. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da ita, yarinya ce. Amma marigayi mahaifinta ya yi shekara ashirin yana bin shanu da jar ƙafa, ba wanda ya taɓa yi masa dariya."

Ya sunkuyar da kai, cikin ladabi ya ce, "Inna, ai shanu ba sa dariya."

Sai mahaifiyata ta fashe da dariya. Shi ma ya kasa riƙewa. Ni ina dariya ina hawaye. Da na ga fuskarsa ta saki, na ce, "To tashi ka taka mu gani." Ya tashi ya taka siminti. Ya buga ƙafa ɗaya, ya buga ɗayar. Ya yi tsalle. Na ce, "Da ciwo?" Sai kawai ya jawo jakar ya ce in sa masa tawul.

Kwana biyu da tafiyarsa ya kira ni. Ya ce da aka jera su a bakin ruwa, koci yana bi yana duba ƙafafu, da ya iso kansa sai ya tsaya, ya cire tabarau, ya kira mataimakinsa. Nan take aka raɗa masa suna da Faransanci, la mariée, wato amarya. Har masu sayar da kifi suka zo kallo. Amma da rana ta take, yashi ya yi zafi kamar kaskon suya, sai ga ƙattai suna ɗage ƙafa suna rugawa cikin ruwa. Shi yana tsaye abinsa. Aka ɗauke shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, bai zama wani tauraro ba. Wasa ɗaya ya tafi da su na neman shiga gasar, ya fi daɗewa a benci, kuma ba su wuce ba. Na kalla a wayar maƙwabciyata, hoton yana ta yankewa. Can aka nuna 'yan benci daga ƙasa, ƙafafu a jere cikin yashi. Adon ya goge tuni, amma lalle ba ya barin farce sai farcen ya fita. Na ga manyan yatsu biyu, rabi ja rabi fari. Na ɗaga jaririya na ce, "Ga Babanki can."

Har yau ina da fargaba, ban warke ba. In 'yata ta yi tari sau biyu na fara lissafin asibiti. Abin da dai na rage shi ne in ga abu in yanke hukunci ni kaɗai a raina. Yanzu in na ga takalmi a ƙusa, sai in buɗe baki in ce, don me?

A Etoudi kuwa har gobe Amarya suke kiransa, yana amsawa, yana yanka musu nama. In zafi ya yi yawa ƙafarsa ta fara faso, yakan miƙe a tabarma ya ce in kwaɓo lalle. Sai dai kafin ya rufe ido, sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo sikoc ɗin nan tukuna." Ya sa a aljihu, ya kwanta a kansa.