Jan Tulif ɗin Goggo Guurtje

Duk garinmu na Andijk babu wanda bai san Goggo Guurtje da baƙar laimarta ba. Yayar mahaifina ce. Idan ka hango mace a tsakiyar gonar fure ta buɗe laima, rana na ƙwallewa, ko ɗigon ruwa babu, to ba taɓin hankali ba ne, Goggo ce a bakin aikinta.

Aikin nata shi ne neman marasa lafiya. Tulif, furen da ake nomawa a yankinmu, yana da wata cuta da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke ɗauka daga wannan shuka su kai wa waccan, kuma ba ta da magani sai tugewa. Alamarta zane-zane ne a jikin ganye da fure, hasken rana kuwa yana ɓoye su, shi ya sa ake yi wa kunya inuwa da laima ana tafe ana dubawa. Abin haushin, marar lafiyar ya fi kowa kyau a gona, sai ka ga jan fure da ratsin fari kamar an zana shi da hannu. Kyan ɗan maciji ne. Goggo ba ta tsayawa kallo, sai dai ta sa hannu ta tuge shi har albasarsa, wato curin tushensa da ke cikin ƙasa, ta jefa a buhu.

Tun tana budurwa take wannan aiki a gonakin mutane. Manoma har rigima suke yi a kan wanda za ta fara zuwa gonarsa idan sanyi ya wuce. Ba ta da sauƙin hali, wannan kam ba zan ɓoye ba. Idan mai gona ya ce ta ɗan sassauta, sai ta naɗe laima ta hau kekenta, kofin da aka zuba mata ma ba za ta sha ba. Takan ce a shekarar yunwa ta ƙarshen yaƙin duniya na biyu, tana 'yar ƙarama, dafaffiyar albasar tulif ce ta riƙe su, kuma abin da ya taɓa ciyar da kai ba ka yi masa aikin ganin ido.

Mu nan albasar tulif muke nomawa, fure rakiya ya yi. Da zarar gona ta buɗe sosai an gama dubawa, sai mu bi mu tsinke kawunan furen duka, mu bar kara da ganye su ci gaba da ciyar da albasar da ke ƙasa ta yi ƙiba. Baƙi masu ɗaukar hoto har ƙwalla suke yi idan suka tarar da mu muna wannan aiki. Wata baƙuwa ta taɓa ce wa Goggo ba ta da imani. Goggo ta debo kawunan fure cike da hannu ta zuba mata a jaka, ta ce ta je ta yi ta jin tausayinsu a gida.

Mijinta Tames mutum ne mai shiru-shiru. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga maganar ba. Abin da yake so a duniya shi ne ya tsuguna a bayan gida da ɗan buroshi, yana ɗebo garin wannan fure yana shafa wa wancan, ko Allah zai sa a samu sabon iri. Aiki ne na mai dogon numfashi, don daga shuka ƙwayar iri zuwa ganin furen farko sai an yi shekara biyar ko shida, kuma yawanci abin da zai fito bai kai a ajiye ba. Amma wata shekara guda ɗaya ya fito a cikinsu, ja mai duhu kamar hanta, karansa a miƙe, iskar teku ba ta kwantar da shi. Tames ya ga furen sau biyu, sannan ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Goggo ta karɓi renon. Albasa ɗaya takan haifi 'ya'ya biyu ko uku a shekara, ba ta wuce haka ko da za ka yi mata waƙa. Da rani ta tone, ta zauna a rumfa ta ɓare ɓawon da hannu har yatsunta su tsage, ta ware manya da ƙanana. Da kaka ta sake binnewa, ta rufe da tattaka saboda sanyi. Haka ta yi ta yi fiye da shekara ashirin, har jan furen ya cika kunyoyin bayan gidanta daga bakin rumfa zuwa magudanar ruwa. Sai aka sa ranar suna. A al'adarmu sabon tulif ba ya shiga kasuwa sai an yi masa biki, a yanko babban dami da kara da ganye, a tara jama'a, a zuba masa ruwan inabi a kai, a faɗi sunansa. Kowa ya san sunan da Goggo za ta faɗa. Har sabuwar riga ta ɗinka, ita da ba ta sayen tufa sai na jikinta ya yage.

Abin da ba mu sani ba, idonta ya fara tafiya. Ba yanar ido ba ce da likita zai kankare. Tsakiyar ganin ne ke dushewa, sai gefe-gefe, kuma an gaya mata ba ya dawowa. Ta bar zuwa gonakin mutane ta ce gwiwa ce, muka yarda.

Ana saura 'yan kwanaki biki ta aiko a kira ni da hantsi. Lokacin na kai shekara arba'in, ina da gonata da 'ya'yana, amma a wurinta ban wuce yarinya ba. Na same ta a bakin kunya ta farko, ta miƙo mini laima.

Ta ce, "Neeltje, ara mini idonki. Nawa ya zama na ado."

"Goggo, wane irin zance ne wannan?"

"Zancen da kika ji. Bara na duba su ni kaɗai, girman kai ya hana ni kiran kowa, kuma jikina yana ba ni na tsallake wani. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ki shiga gaba ki faɗa mini, ni zan tuge. In kika yi mini ƙarya don tausayi, ban yafe ba."

Ban yi taku uku ba na tsaya cak. Ga ratsin fari a jikin ja, ga wani kusa da shi, ga wani. Wanda ta tsallake bara ƙwari sun raba cutarsa ko'ina, ta kwanta a cikin albasa duk tsawon sanyi, yanzu ta fito fili. Ban taɓa ganin gona mai kyau irin ta ranar ba, kuma ban taɓa tsanar kyau kamar ranar ba.

Na ce, "Wannan ba shi da lafiya."

Ta lalubo karan, ta bi shi har ƙasa, ta tuge.

"Na kusa da shi ma."

Ta tuge.

Na sa bayan hannu na share ido. Ta ce, "Ke, in kuka za ki yi ki je gida ki yi ki dawo. Hawaye yana hana gani."

Muna cikin haka sai ga Sijmen Laan, maƙwabcinta, ya leƙo ta kan shinge. Tare suka yi makaranta, kuma tun daga lokacin ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya ga buhunan da muka cika, ya cire hula ya sosa sanƙo.

Ya ce, "Tsohuwa, kin haukace ne? Biki jibi-jibin nan, ke kuma kina kashe amarya?"

"Amaryar ce ba ta da lafiya. Kuma in na bar ta, gonarka ce ta gaba, sarkin surutu."

Ya san gaskiya ta faɗa. Can ya tsallako shingen da ƙyar, ya karɓi buhu a hannuna ya riƙa bin mu a baya.

Sai da rana ta karkata muka kai bakin magudana. Abin da ya rage mai lafiya, warwatse nan da can, bai fi a rungume a hannu ɗaya ba. Aikin shekara ashirin da ɗoriya yana cikin buhuna, gobe za a kai shi a ƙone. Muka zauna a kan akwatunan albasa, na kawo kofi da burodi da cuku, babu wanda ya taɓa.

Sijmen ne ya fara magana, wannan karon babu wasa a bakinsa. Ya ce, "Guurtje, saurare ni. Waɗanda suka rage sun isa dami ɗaya. Mu yanke su, a yi bikin nan, ki faɗi sunan mijinki a gaban jama'a tun kina gani. Wa ya san abin da baɗi zai zo da shi?"

Ta ce, "In na yanke su da kara da ganye, me zai ciyar da albasar?"

"Za ta ɗan rame, shi ke nan."

"Za ta rame, ba za ta haihu ba, wata ma ta ruɓe. In sa sabuwar riga in raɗa wa gawa suna? Tames zai tashi ya tambaye ni ko hankalina ne ya tafi tare da idon."

Ni ma na sa baki, don zuciyata tana tare da Sijmen. Na ce, "Goggo, kafin su sake cika gona wata shekara goma ce ko fiye. Ba za ki gani ba."

Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Likita ya riga ki faɗa."

Ta miƙe ta ce in kai ta wurin na farko a cikin masu lafiyar. Na kama hannunta na ɗora a kan furen. Ta sa babban yatsa a wuyansa, ƙas, kan ya faɗi ƙasa, kara da ganye suna nan tsaye. Muka wuce na gaba. Ba ta yi kuskure ba ko sau ɗaya, aikin da ta yi shekara hamsin tana yi ne. Sijmen ya juya mana baya yana kallon magudana, wai yana duba ko ruwa ya ƙaru.

Da muka zo kan na ƙarshe na riƙe mata hannu. Na ce, "Wannan ɗaya dai ki bar shi ya yi kwanakinsa. Ki riƙa fitowa kina kallonsa."

Ta zare hannunta daga nawa. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata, ta karkatar da kai gefe yadda ragowar ganinta zai kama shi, ta kawo fuskarta har furen yana taɓa kumatunta. Ta daɗe a haka.

Ta ce, "Neeltje, ja ne tsantsa? Babu ko ɗigon fari?"

"Babu, Goggo. Lafiyarsa lau."

"To ai shi ya fi kowa bukatar ƙiba."

Ta tsinke shi.

Shi ne fure na ƙarshe da ta gani da idonta, don kafin sanyi ya sake wucewa duhu ya gama rufe ta. Ta ci gaba da ɓare albasar da lalube kowane rani, tana yi mini faɗa idan na binne su ba zurfi, har shekarar da ta rasu. Ba ta kai ranar biki ba, don sai da kunyoyin suka sake cika aka yi shi. Ni na zuba ruwan inabin, Sijmen yana zaune a keken guragu a layin gaba, na faɗi sunan Tames da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Yau idan ka bi hanyar bakin ganuwar da ke tare mana ruwa a ƙarshen Afrilu, za ka ga gonaki sun yi ja mai duhu har inda idonka ya tsaya. Ina alfahari da su, kuma ba na jin kunyar faɗa. Babu ko fure ɗaya a cikinsu da bai fito daga 'yan tsirarun nan da makauniyar tsohuwa ta ƙi yankewa don bikinta ba.