Haladu Mai Duba Idon Shanu

A Dingaya, in saniya ta ƙi kiwo, Haladu ake kira. Bai yi boko ba, gado ne. Zai dafa ta, ya ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa. In cikin ja ne, ya ce a ba ta kanwa a ƙyale ta. In fari ne, sai ya girgiza kai ya ce, "Jininta ya ƙare, a matso da wuƙa." Shekara talatin yana wannan, kuma mutumin akwai cika baki.

Daminar bana ta zo masa da ciwon baya. Wani mai tallar magani a kasuwa ya haɗa masa ƙwayoyin gajiya, kala huɗu a ƙulli ɗaya. Kullum da sassafe, ko koko bai sha ba, sai ya watsa su ya nufi gona. Da gwiwa ta dami matarsa Hadijatu, ita ma ya riƙa ɗibar mata.

Sai bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ya tsorata ƙwarai, amma wa zai gaya wa? Dattijo da furfura ya zauna bayanin abin da ya bari a masai? Ya ja bakinsa ya yi gum. In ya miƙe jiri, in ya zauna ƙirjinsa na dukan uku-uku.

A rana ta shida ya sunkuya zai kwance maraƙi, sai ga shi a ƙasa. Hadijatu ta sheƙo, ta tallafi kansa, ta ja fatar idonsa yadda ta saba ganin yana yi wa shanu. Ta saki salati. Bai tambaye ta me ta gani ba. Ya sani, kuma ya san abin da shi yake cewa a irin wannan wuri.

A asibiti a Birnin Kudu aka ɗaura masa ledar jini. Da kunya ta ga ba wurin zama, ya faɗa wa likita komai.

"Baba, ai ka san tumbi," in ji likitan. "Jikinsa cike yake da jijiyoyin jini. Ƙwayoyin nan da kake sha ciki ba komai, su suka yi masa gyambo har ya taɓa jijiya. Jinin na bin hanji tare da abinci, shi ya sa yake fita baƙi. Zuciya kuwa ta ga jini ya ragu, sai ta ƙara gudu don ya kai ko'ina."

"Da saniya ce ni, da an yanka ke nan?"

"Da ka ƙara kwana biyu, ba ma sai an nemo wuƙa ba."

Sai Haladu ya tuna wadda yake miƙa wa rabin ƙullin nan kowace safiya, wata biyu cur. Gabansa ya faɗi fiye da ranar da ya ga baƙin abin.

"Hadijatu, matso."

Ya ja fatar idonta. Ya daɗe yana kallo. Shi da bai taɓa neman a taya shi duba ido ba, ya juya da muryar da ba tasa ba.

"Likita, don Allah zo ka duba min wannan."