Mai Tare Hoto

A zauren baje kolin ayyuka, jami'in wani kamfani yana tsaye ƙiƙam gaban allon tallarsu, kwat ɗinsa sharkaf da gumi. Da alama an gargaɗe shi kada ya koma ofis hannu rabbana. Masu rubuta manhaja suna karanta sunan kamfanin, su duba waya, su wuce.

Ba ya gusawa, domin a bayansa akwai hoton wani injiniya yana murmushi, an rubuta a ƙasa: "Nan ne gidana."

Wata budurwa ta leƙa bayansa. "Yallaɓai, wannan ba shi ne can a teburin wancan kamfanin ba?"

"Kama ce kawai."

Daga can injiniyan ya ɗago hannu. "Maigida, ina gajiya? Ashe har yanzu ina wajenku!"

Jami'in ya sunkuya yana gyara takardun da suke a gyare.